Hisabin Mai Fatsa a Bakin Teku

A ƙasarmu, idan aka ambaci su, abin da yake faɗowa a ran mai sauraro shi ne sana'a ta gado, irin ta Sarkawa da Kabawa da masuntan Yawuri da na Baga, waɗanda suke kwana bisa ruwa da koma da taru domin iyali su sami abin sakawa a baka, kuma ba wanda zai tuhumi mutum don ya nemi halaliyarsa daga cikin abin da Ubangiji Ya hore wa bayinSa. Amma akwai ƙasashen da mutane miliyoyi, likita da makaniki da malamin makaranta, suke barin barci cikin sulusin dare su tafi bakin teku da fatsa, alhali ba yunwa ce ta kore su ba, ba kuma kasuwa suke nufin kai abin da suka kama ba, nishaɗi kawai suke biɗa. Mas'alar da ta dame ni ita ce ko irin wannan mutum, mai ƙugiya ɗaya tak a gaban teku wadda ido ba ya ganin iyakarta, akwai wani hisabi da ya rataya a wuyansa. Ni dai na tabbata akwai, hisabi kuwa mai nauyi, kuma hujjata tana cikin tarihin wani kifi guda na gaɓar gabas ta Amurka.

Mutanen can suna kiran wannan kifi bas, mu kuwa sai mu ce masa mai-zane, saboda layuka bakwai ko takwas baƙaƙe da suka ratsa jikinsa mai hasken azurfa tun daga wuya har wutsiya. A teku yake rayuwarsa, amma idan sanyi ya wuce, wajen Afrilu da Mayu, sai ya hau koguna masu ruwan daɗi ya zuba ƙwai, galibi a rafukan da suke kwarara cikin mashigin Chesapeake, tsakanin jihohin Maryland da Virginia, sa'an nan a kogin Hudson da na Delaware. Daga nan sai manyan su yi arewa suna bin ƙananan kifaye har gaɓar Maine, kana su juyo kudu da kaka. Yana iya kai shekara 30 a duniya, kuma duk wanda ya yi girma na ban mamaki kusan ko yaushe mace ce, wadda take ɗauke da ƙwai miliyoyi a cikinta. A 1982 wani mai fatsa ya kama mai nauyin kilo 35 da ɗoriya yana tsaye a kan duwatsun gaɓar Atlantic City, aka shekara kusan talatin ba a sami wanda ya ɗara shi ba, sai a 2011 da Greg Myerson ya fito da mai kilo 37 daga ruwan Connecticut.

Turawan da suka fara sauka a wannan gaɓa sun tarad da shi da yawan da har suka riƙa zuba shi a gona a matsayin taki, sai da hukumar Massachusetts ta haramta haka a 1639. A 1670 kuma mahukuntan Plymouth suka keɓe kuɗin da ake samu daga sun da ake yi a Cape Cod, har da na wannan kifi, domin riƙe makarantar da yara za su yi karatu kyauta. Ashe tun farko an gane dukiya ce ta jama'a, wadda tilas a tsare ta daga almubazzaranci, kuma amfaninta ya koma ga jama'a.

Ya kamata mai karatu ya ga yadda ake wannan su, domin kada ya zaci wasan yara ne. A Montauk, can ƙurewar tsibirin Long Island ta jihar Niyok, mutum yakan sa wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ya kai masa ƙirji, ya ɗaura ƙusoshi a tafin takalmin saboda santsin gansakuka, ya kutsa cikin duhu har ya hau wani dutse da raƙuman ruwa suke duka, riƙe da sanda mai tsawon ƙafa 10 ko 11 wadda aka ɗaura mata kwarkwaron naɗe zare. A bakin zaren akwai kifin ƙarya na katako ko na roba da aka rataya wa ƙugiyoyi masu baki uku, ko kuwa ƙugiya ɗaya da koto da dalma mai nutsar da ita. Sai ya wurga iyakar ƙarfinsa, ya riƙa naɗowa sannu a hankali yana kaɗa kan sandar domin katakon nan ya yi iyo irin na kifi mai rauni, ya sake wurgawa, haka har gari ya waye, yana lura da cikowar teku da janyewarta da inda iska take busowa. Wanda ya yi shekaru a kan wannan yana da ilmin ruwa na haƙiƙa, kuma ina ganin girmansa kamar yadda nake ganin girman kowane gwani a fanninsa.

Na biyunsa shi ne mai kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne na ƙasashen ƙanƙara, su da suke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙirar itace ko ƙashi su fita farauta. Na yau da roba ake zuba shi, tsawonsa bai cika wuce ƙafa 12 ko 13 ba, a bisansa ake zama, kuma tun da kamfanin Hobie ya fito da na tuƙawa da ƙafa a 1997 sai hannuwan mai su suka sami 'yanci. Yakan sa rigar da take hana nutsewa, domin ruwan can yana da sanyin da yake sandarar da gaɓoɓi cikin mintoci kaɗan, ya kafa sandunansa a bayansa, ya ajiye allon awo a kan cinya, wani ma har da na'urar da take nuna masa kifi a ƙarƙashin ruwa. Da yake ba shi da ƙarar inji, yana isa lungunan da babban jirgi ba ya shiga, wanda kuma na kan tudu ba ya iya wurga zare ya kai; ma'ana, wuraren da a da kifi yake samun mafaka saboda wuyar isa gare su, yanzu an iske shi a ciki.

Sau biyu ke nan wannan kifi yana shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A 1973 masu sun kasuwa sun sauke kusan tan 6,800, amma kafin shekara goma ta cika abin da suke samu bai kai rubu'in haka ba. Cikin waɗanda suka fara yin kururuwa akwai Bob Pond, wani mai sassaƙa kifin ƙarya a Massachusetts, wanda ya kafa ƙungiyar masu fatsa a 1965 domin kare kifin, ko da yake abincinsa ya dogara ne ga a ci gaba da kama shi. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta jihohi 15 na gaɓar Atilantika, wadda aka kafa tun 1942, sai dai a lokacin shawara kawai take iya bayarwa, kowace jiha kuwa tana jiran maƙwabciyarta ta fara ɗaure ciki. Da majalisar tarayya ta zartar da doka a 1984, wadda ta ba gwamnatin tarayya ikon rufe sun wannan kifi ɗungum a duk jihar da ta saɓa wa tsarin hukumar, sai al'amari ya sake. Gwamna Harry Hughes ya hana kama shi a Maryland daga farkon 1985 har zuwa 1990, sauran jihohi kuma suka yi wata dabara mai kyau: suka sa ido a kan 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a 1982, duk sa'ad da suka ƙara girma sai a ɗaga awon da aka yarda a kama, har ya kai inci 36, domin matan cikinsu su sami zuba ƙwai ko da sau ɗaya kafin ƙugiya ta same su. A 1995 aka yi shelar cewa kifin ya farfaɗo, kuma duniya ta riƙa buga misali da wannan nasara.

Karo na biyu shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, domin a wannan karon ba za a iya ɗora laifin a kan masu taru ba. Binciken da hukumar ta karɓa a 2019 ya nuna cewa matan da suke zuba ƙwai sun ragu ƙasa da haddin da aka gindaya, da aka zo rarrabe waɗanda suka kashe kifi wajen miliyan 7 da suka mutu ta hannun ɗan Adam a 2017, sai aka ga masu sun kasuwa rabonsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Masu nishaɗi sun kai kashi 42 gida sun ci. Ragowar kashi 48 kuwa, wato kifi wajen miliyan 3.4, waɗanda aka kama ne aka cire musu ƙugiya aka mayar da su ruwa da kyakkyawar niyya, suka je suka mutu inda ba wanda ya gani. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika, to haka ƙugiya ɗaya ɗaya ta taru ta fi taru ɓarna.

Lissafin ya samo asali ne daga wani gwaji da Paul Diodati da Anne Richards suka wallafa a 1996, bayan sun kama kifaye da fatsa sun sake su a wani tafki mai ruwan gishiri a Massachusetts, suka ga kusan 9 cikin kowane 100 ba sa rayuwa. Sababin mutuwar sananne ne. Wani yakan haɗiye koto har ƙugiya ta soke shi a ciki ta fasa masa hanta ko zuciya. Wani a ja shi da siririn zare a daɗe ana kokawa har ƙarfinsa ya ƙare sarai. Wani a ɗaga shi sama a riƙe shi ta leɓe ana ɗaukar hoto, numfashinsa yana yankewa, busasshen hannu yana goge yauƙin da yake kare fatarsa daga cuta. Idan kuwa ruwa ya yi ɗumi, kuma gishirinsa kaɗan ne, kamar yadda Chesapeake take zama a tsakiyar zafi, mutuwar takan ninka. Saboda haka ne tun farkon 2021 aka wajabta wa mai sa koto ya yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa, wadda tsininta ya juyo ya fuskanci jikinta, ta yadda ko kifi ya haɗiye ta sai ta zamo ta fito ta maƙale a kusurwar baki. Mai kayak ma yana da wata falala a nan, domin yana zaune dab da ruwa, yana iya zare ƙugiya ba tare da ya fid da kifin ba, ya tallafe cikinsa da tafi, ya fuskantar da shi inda ruwa yake gudana har ya ji ya buga wutsiya da ƙarfi, sa'an nan ya sake shi.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da cin abin da ke cikinta, har ga mai harama. Ya kuma san cewa Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala, ya rarrabe tsakanin farautar da aka yi don wasa kawai, wadda ya ce makaruhi ce, da wadda aka yi don wata bukata, wadda take mubahi. Ban kawo wannan don in ɗora wa mutanen Montauk hukuncin mazhabar da ba tasu ba, na kawo shi ne domin illar da malamai suka duba illa ce da hankalin kowane mutum yake iya riska, wato wahalar da rai, balle kashe shi, ba tare da wani amfani da ya koma ga kowa ba. Jamus ma da hanyarta ta iso kusa da nan, domin dokarta ta kare dabbobi ta hana cutar da dabba sai da dalili karɓaɓɓe, kuma kotunanta ba su ɗauki kama kifi don hoto kawai a matsayin dalili ba. Suwizalan kuwa tun 2008 ta hana mutum jefa fatsa da niyyar sakin abin da ya kama. A ganina, mutumin da ya kama kifi ɗaya wanda doka ta yarda, ya naɗe zarensa ya kai wa iyalinsa suka ci, ya fi kusa da adalci bisa ga wanda ya wuni ya kama 30 ya sake su duka, ya koma gida yana jin hannunsa tsarkakakke ne, alhali bisa ƙiyasi ya bar gawa biyu ko uku a ƙarƙashin ruwa.

Ba na cewa sakin kifi aibi ne. Guda 91 da suka rayu cikin 100 ba abin rainawa ba ne, kuma da masu fatsa suna kashe duk abin da suka kama da tuni an shafe zancen. Haka kuma ba ƙugiya kaɗai ce musiba ba: sanyin hunturu ya ragu, ruwan da yake gangarowa koguna a lokacin zuba ƙwai yana ƙaranci a wasu shekaru, wata baƙuwar tarwaɗa da aka saka a kogunan Virginia ta yaɗu tana cin ƙananan kifaye, ga kuma gardamar da ba ta ƙarewa a kan jiragen wata masana'anta ta garin Reedville da suke kwashe ƙaramin kifin da mai-zane yake ci. Sai dai duk cikin waɗannan, abin da hukuma take iya taɓawa a yau, ta ga sakamakonsa baɗi, shi ne hannun mai fatsa.

A nan ne zancen lasisi ya shigo, domin wanda ba a san adadinsa ba, ba a iya yi masa hisabi. Mai sun kasuwa yana sauke kayansa a kan sikeli a rubuta, mai nishaɗi kuwa yana iya fitowa daga kowane lungu na gaɓa mai tsawon dubban mil ya koma ba wanda ya san ya zo. Shekara da shekaru hukumar tarayya tana ƙiyasta yawansu ta hanyar buga waya gidajen da ke kusa da teku bisa kan mai tsautsayi, har masana suka soki wannan hanya a 2006, aka buɗe rajistar masu fatsar teku a 2010. Jihar Niyok ta sa lasisin dala 10 a 2009, sai wasu garuruwan Long Island suka kai ƙara suna kafa hujja da takardun mallaka na zamanin mulkin Ingila, tun na 1686, kotu ta ba su gaskiya, majalisar jihar ta soke kuɗin a 2011 ta bar rajista ta kyauta. Na fahimci zafin ransu, domin mutum yana ganin teku ita ce wuri na ƙarshe da zai je ba a tambaye shi takarda ba. Amma da aka gyara hanyar ƙidaya a 2018, sai ta bayyana cewa fitar da masu fatsa suke yi ta ninka abin da ake zato, musamman na kan tudu, kuma wannan gyara yana cikin abin da ya tona cewa kifin yana cikin haɗari. Gaskiya ne a 2023 hukumar tarayyar ta ce mai yiwuwa sabon ƙiyasin ya zarce da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, masu ƙin doka kuma suka yi ta murna; ni kuwa abin da na fahimta daga wannan shi ne bukatar a ƙara kyautata ƙidayar, tun da maganin awo mai kuskure shi ne awo mai inganci.

Goyon bayana ga lasisi yana da sharuɗɗa. Dokar tarayya ta 1950 ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan sanduna da kwarkwaro da sauran kayan fatsa, ana raba kuɗin ga jihohi, kashi 60 bisa yawan masu lasisin da suka biya, kashi 40 bisa faɗin jiha, kuma duk jihar da ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki da ba na kula da kifi ba, sai a yanke mata rabonta. Wannan ƙa'ida ita ce ta mayar da kuɗin amana mai masarufi sananne, in ba ita ba da ya zama haraji kawai. Sharaɗi na biyu shi ne a tausaya wa talaka, domin a kan gadojin bakin ruwa na Niyok akwai baƙi da tsofaffi da marasa aiki waɗanda da gaske miya suke nema. Kalifoniya ba ta neman lasisi ga mai su a kan gadar jama'a ta bakin teku, Massachusetts kuma tana ba wanda ya kai shekara 60 takardarsa kyauta, kuma wannan ita ce hanyar da na fi so, a rubuta sunan mutum a yafe masa kuɗin. Abin baƙin ciki, dokar gaggawa ta 2023, wadda ta ce kifi ɗaya a yini kuma sai wanda tsawonsa yake tsakanin inci 28 da 31, ta fi ƙuntata wa irin waɗannan, domin mai neman abinci yana iya mako bai dace da wannan ɗan tsakani ba, mai neman nishaɗi kuwa ba abin da ya ragu daga jin daɗinsa, bal ma yawan waɗanda ake saki ƙaruwa ya yi.

Kabawa sun riga sun san maganin da ya rage. Abin da ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga ta a bikin Argungu, wanda aka faro da siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, shi ne kogin Matan Fada ba wurin da kowa yake jefa homa sa'ad da ya ga dama ba ne, sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A sauran lokaci ana barin ruwa ya huta, hutu na gaskiya, ba a taɓa kifi ko da niyyar mayar da shi. Maryland ta ɗauki irin wannan mataki a 2021, inda ta hana neman mai-zane a Chesapeake a rabin ƙarshe na watan Yuli, ko don ci ko don saki. Masu kantunan kayan su da masu jiragen haya sun koka, kuma kukansu na gaskiya ne, domin lokacin cinikinsu ke nan. Wasu kuma sun ce dokar ba ta tsaruwa, tun da wanda aka kama yana iya rantsewa wani kifi dabam yake nema. Amma galibin mutane suna bin doka idan an bayyana musu dalilinta, kuma ƙaryar mutum ɗaya ba ta zama hujjar barin dubu su ci gaba ba.

Lokaci kuwa ya ƙure. Tun 2019 ƙidayar 'ya'yan kifi da Maryland take yi kowace shekara take fitowa ƙasa da matsakaici, a 2023 ma ta tsaya a 1.0 alhali matsakaicin shekaru yana wajen 11, kuma waɗannan 'yan ƙalilan su ne za su zama iyaye nan gaba kaɗan. Hukumar haɗin gwiwar jihohin nan ta ɗaukar wa kanta alkawarin mayar da kifin haddinsa kafin ƙarshen 2029, amma da ta zauna a Disamba 2024 sai ta tashi ba ta ƙara wani takunkumi na shekarar da ta biyo ba. Abin da nake ganin ya wajaba a kanta shi ne ta yanka wa kowace jiha makonnin da ruwanta ya fi ɗumi, da makonnin da matan suke taruwa a bakin koguna da ƙwai a ciki, ta hana neman wannan kifi a cikinsu ga na tudu da na kayak da na babban jirgi baki ɗaya, a buga ranakun a jikin lasisin kowa, a kuma ware wani kaso daga harajin kayan fatsa a tallafa wa masu jiragen haya da za su ɗaure jiragensu a waɗannan makonni.